Rigar nutso ta ruwa mai ɗumi

Rigar nutso wata tufa ce da ake yi da roba mai suna niyofirin, wadda masu nutso da tukunyar iska suke sakawa domin rage zafin da jikinsu ke asara a ƙarƙashin ruwa. Ana amfani da ita har a tekuna masu ɗumi kamar Bahar Maliya da tsibiran Maldibs, saboda ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, don haka ko ruwa mai digiri 28 zai iya sa mutum rawar ɗari idan ya daɗe a ciki.

Tarihi

Masana kimiyya na kamfanin DuPont ne suka samar da niyofirin a shekarar 1930. Ana danganta ƙirƙiro rigar da Hugh Bradner, masanin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka, a farkon shekarun 1950.

Yadda take aiki

Rigar ba ta hana ruwa shiga. Ɗan ruwa kaɗan yana shiga tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi. Abin da ke tare sanyi shi ne ƙananan kumfar iska da ke cikin robar. Idan rigar ta yi wa mutum yawa, sabon ruwa mai sanyi zai riƙa shiga ta wuya da hannuwa yana wanke ɗumin. Shi ya sa siririyar riga da ta kama jiki daidai takan fi mai kauri da ta yi sako-sako amfani.

Zurfi ma yana rage ƙarfinta. A mita 10 matsin da ke kan mai nutso yana ninkawa biyu, a mita 30 kuma ya kai ninki huɗu. Wannan matsi yana danne kumfar, sai rigar ta yi siriri, ɗuminta ya ragu.

Kauri

Ana auna kaurin rigar da milimita. Idan an rubuta 3/2, ana nufin milimita 3 a ƙirji da baya, milimita 2 a hannuwa da ƙafafu. A ruwan da ya kai digiri 27 zuwa sama, galibi milimita 2 ko 3 ta wadatar. Idan ya sauka kusa da digiri 22, da yawa sukan koma milimita 5. A arewacin Bahar Maliya, kamar Sharm El Sheikh a Masar, ruwan yakan kai kusan digiri 28 a lokacin zafi, ya sauka kusan 22 a lokacin sanyi, saboda haka wuri ɗaya yana buƙatar riga iri biyu.

Kauri yana da nasa nauyin. Niyofirin yana sa mutum ya taso sama, don haka duk ƙarin kauri yana buƙatar ƙarin darma a ɗamara, kuma yana takura motsi.

Ire-irenta

Gajera tana tsayawa a gwiwa da damtse. Tana da sauƙin sakawa, amma tana barin fata a buɗe. Doguwa tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, tana kare fata daga kaifin murjani, da halittun ruwa masu harbi, da ƙunar rana a cikin jirgi. Akwai kuma siririyar riga ta yadi mai miƙewa, wadda ke kare fata kawai ba tare da ba da ɗumi sosai ba.

Abin lura wajen zaɓi

Zafin saman ruwa bai isa ma'auni ba, domin a wasu wurare ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi sosai. Wanda zai yi nutso sau uku ko huɗu a rana, kwanaki a jere, sanyi yakan taru masa a jiki. Siraran mutane kan fi saurin jin ɗari. Sanyi yana sa numfashi ya yi sauri, iskar tukunya ta ƙare da wuri, yana kuma rage natsuwa da ƙarfin yatsu, abubuwan da mai nutso ke dogaro da su wajen sarrafa kayansa.