Bam Ɗin da Ba Ya Gama Kisa Ranar da Ya Fashe

Duk lokacin da manyan ƙasashe suka fara nuna wa juna yatsa, ba a rasa wanda zai ce a majalisa ko teburin mai shayi, "Su danna musu nukiliya kawai a huta." Mai faɗin haka yana ɗaukar makamin ƙare dangi a matsayin ƙaton bam da zai faɗa kan maƙiyi, ɓarnarsa ta tsaya can. Sau biyu kacal aka taɓa jefa shi a yaƙi, a 1945, amma har yau akwai tsofaffi a Japan da ke zuwa asibiti saboda abin da ya shiga jikinsu suna yara.

Tsoro ne ya haifi wannan makami. A ƙarshen 1938 wasu masana biyu a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano ana iya tsaga ƙwayar zarra ta ma'adinin yuraniyom. Ba a jima ba aka fahimci cewa ƙwayar da ta tsage tana iya tsaga na kusa da ita, su ma su tsaga wasu, duk kafin ƙiftawar ido, ƙarfin da zai fito kuwa ya isa ya share gari. Masanan da suka gudo daga Turai saboda Hitila hankalinsu ya tashi, kada Jamus ta riga kowa. A watan Agustan 1939 Leo Szilard ya shirya wasiƙa, Albert Einstein ya sa hannu, aka aika wa shugaban Amurka Roosevelt. A 1942 aka kafa shirin sirri mai suna Manhattan, Janar Leslie Groves na riƙe da ragamarsa, Robert Oppenheimer kuma na jagorantar masana a Los Alamos. Ya ci kusan dala biliyan 2 na wancan zamani, ya ɗauki ma'aikata sama da 120,000, akasarinsu ba su san abin da suke ƙerawa ba.

Ba kasafai ake faɗa ba, amma mafi yawan yuraniyom ɗin daga Afirka ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe a Katanga, lokacin Kwango na hannun Beljiyam. 'Yan Kwango ne suka haƙo shi, ba tare da wata kariya ta kirki ba.

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945 ba ta ƙera bam ba, wato dalilin farko ya kau. Amma aiki bai tsaya ba. Mutum ɗaya daga cikin masanan, Joseph Rotblat, tun ƙarshen 1944 ya tattara nasa ya nasa ya bar shirin da ya ga Jamus ba ta kan hanyar samun makamin. Szilard da kansa ya tara sa hannun masana 70 suna roƙon kada a jefa wa Japan ba tare da an fara ba ta damar miƙa wuya ba. Babu wanda ya saurare su. Ranar 16 ga Yuli aka gwada bam na farko a hamadar New Mexico.

Ranar Litinin 6 ga Agusta, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgin Enola Gay ya saki bam ɗaya a kan Hiroshima. Ya fashe a sama, kimanin mita 600 daga ƙasa, da ƙarfin da ya kai na tan 15,000 na nakiya. A lokacin dubban 'yan makaranta na kan titi, an fito da su aikin rushe gidaje don buɗe hanyar tare gobara, kuma mafi yawansu ba su koma gida ba. Wani mutum na zaune a matakalar wani banki yana jiran a buɗe. Zafin ya ƙone fuskar dutsen ta yi fari, sai gurbin da ya zauna ne kawai ya rage baƙi. Matakalar na nan a gidan tarihin birnin. Waɗanda suka tsira daga wutar suka nufi koguna, fata na zazzagowa daga hannayensu, suna roƙon ruwa. Likitocin garin kuwa, kusan tara cikin goma sun mutu ko sun jikkata.

Sai kuma aka yi ruwan sama, baƙi ƙirin, mai danƙo. Masu ƙishirwa suka buɗe baki suka sha. A nan bambancin wannan makami da sauran yake, domin ruwan na ɗauke da burbushin nukiliya, gubar da ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido kuma ba ya ganin tururinta. Mutanen da suka fita ko ƙwarzane babu, da waɗanda suka shigo garin daga baya neman 'yan uwa, bayan kwanaki ko makonni sai gashi ya fara zuba, dasashi na jini, tabo ya feso a fata, mutum ya mutu likita na kallo. Zuwa ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima. Ranar 9 ga Agusta aka jefa na biyu a Nagasaki, wadda ma ba ita aka nufa ba: birnin Kokura ne, hayaƙi da gajimare suka rufe shi, matuƙin ya juya. A can ma kimanin 70,000 suka mutu kafin shekarar ta ƙare. Bayan 'yan shekaru sankarar jini ta ɓulla, musamman a jikin yara. Sadako Sasaki tana da shekara 2 lokacin harin, ta rasu a 1955 tana da 12. Waɗanda suka rayu kuma suka sha ƙyama, ana gudun aurensu da ɗaukarsu aiki.

Japan ta sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, yaƙin da ya kai sojojinmu har dajin Bama ya ƙare. Masu kare Truman, shugaban Amurka na lokacin, suna cewa bam ɗin ya ceci rayukan da za a rasa da an mamaye Japan ta ƙasa. Wasu masana tarihi kuma suna ganin shigar Tarayyar Sobiyet yaƙi da Japan ranar 8 ga Agusta ta girgiza shugabanninta ba kaɗan ba. Sojojin Japan sun yi ta'asa a China da Koriya da sauran wurare, wannan ba a musu. Amma a ganina yaran da ke kan titin Hiroshima ba su suka yi ba, kuma jefa na biyu kwana uku kacal bayan na farko yana da wuyar karewa.

Amurka ta zaci za ta daɗe ita kaɗai. Sobiyet ta gwada nata a 1949, Birtaniya a 1952, sai Faransa, China, Indiya, Pakistan da Koriya ta Arewa. Isra'ila ba ta taɓa amsawa ba, amma duniya na lissafa ta a ciki. An yi gwaji sama da 2,000, galibi a ƙasar marasa galihu: tsibiran Marshall, makiyayan Kazakhstan, 'yan asalin Ostareliya. A yau akwai kawunan nukiliya kusan 12,000, kashi 90 cikin 100 a hannun Rasha da Amurka, da yawansu sun ninka na Hiroshima ƙarfi sau goma ko fiye.

Rabonmu ya zo ranar 13 ga Fabrairun 1960, da Faransa ta fasa bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, mai ƙarfin na Hiroshima sau huɗu, a lokacin hunturu, sa'ar da iska ke kaɗowa daga hamada zuwa kudu. Ghana ta Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa. Da aka yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Najeriya, ƙasar ko wata huɗu ba ta cika da samun 'yanci ba. Faransa ta ci gaba har 1966, gwaji 17 ke nan, 13 daga ciki a ƙarƙashin dutse a In Ekker. Da ta tashi sai ta binne motoci da kayan aiki a rairayi. Mutanen yankin, da ba wanda ya yi musu bayani, suka riƙa kwasar ƙarafan suna rufi da shinge da su.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da mai karatu, domin guba irin wannan ba sai an yi yaƙi take iso mutum ba. A 1987 a Goiânia ta ƙasar Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka ɗauko wata na'ura daga asibitin jinyar sankara da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar. Mai sayen ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi cikin duhu, ya kai gida yana nuna wa dangi. Mutum 4 suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 6, kusan 250 suka gurɓata, aka auna sama da mutum 100,000, aka rushe gidaje. A Arlit da Akokan na Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom tun 1971, masu bincike sun taɓa samun gurɓatattun ƙarafan mahaƙa ana sayarwa a kasuwa.

Don haka 'yan jari-bola, maƙera da masu walda su san alamar: fukafukai uku kamar na fanka kewaye da ɗigo, baƙi ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa. Ana samun ta a tsofaffin na'urorin asibiti, na kamfanonin mai da na masu gina hanya. Wani lokaci alamar ta goge, sai dai ka ga ɗan ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, saboda dalmar da aka lulluɓe shi da ita. Kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. A matsa nesa, a hana yara zuwa wurin, a sanar da 'yan sanda, su kira hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Wanda ya riga ya taɓa, ya tuɓe tufafin ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, ya je asibiti ko da yana jin garau, ya kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya taɓa.