Awa Nawa Na Bidiyo Katin Kyamara Yake Ɗauka?

Da yawa daga cikinmu muna zaton lambar da aka rubuta a jikin katin ajiya, wato memori, ta isa ta gaya mana tsawon bidiyon da zai ɗauka. Ba haka abin yake ba. Wannan kuskure yakan jawo hasara, domin idan kati ya cika a tsakiyar bikin ba da kyaututtuka ko ɗaurin aure, abin da ya wuce ya wuce ke nan.

Mu ɗauki kati tamkar randa. Lokacin da randa za ta yi kafin ta cika ya danganta ga abu biyu: girmanta, da kuma ƙarfin zubar ruwan famfo. Girman kati ana auna shi da gigabait, a taƙaice GB. Ƙarfin zubar kuwa shi ne yawan bayanin da kyamara take rubutawa a kowace daƙiƙa. Ana auna shi da megabit, kuma za mu same shi a littafin kyamara an rubuta Mbps.

Ga yadda lissafin yake. Megabit 8 ne suke yin megabait 1, megabait 1,000 kuma suke yin gigabait 1. Idan kyamara tana ɗauka a kan megabit 24, sai mu raba da 8, mu sami megabait 3 a daƙiƙa. Wato megabait 180 a minti, kusan gigabait 11 a awa. Ashe katin gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 3. Amma idan muka juya kyamarar zuwa hoto mai tsananin kyau da ake kira 4K, a kan megabit 100, za ta ci megabait 750 a minti. Wannan kati ɗin dai zai cika cikin minti 42 ko ƙasa da haka. Kati ɗaya, kyamara ɗaya, amma dubi bambancin!

Akwai wasu abubuwa da ya kamata mu lura da su. Na farko, katunan iri-iri ne. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka sanar da katin SD a 1999, iyakarsa gigabait 2. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa gigabait 32, sannan SDXC a 2009 wanda ya zarce haka nesa. Tsohuwar kyamara ba lallai ta karanta sabon kati ba. Na biyu, a katin SDHC fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, saboda haka kyamara takan yanka dogon bidiyo gida-gida, wata ma ta tsaya. Na uku shi ne sauri. Alamar V30 tana nufin katin yana iya rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa. Idan kati ba shi da sauri, ɗaukar takan katse ko da akwai sauran wuri.

Saboda haka, kafin kowane taro mu duba Mbps, mu yi lissafi, mu kwashe tsofaffin hotuna zuwa kwamfuta, mu kuma riƙe kati na biyu a aljihu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.