Lalle a Kan Furfura: Rinin Gashi na Gida da Rikicin Suna

Idan aka ambaci lalle a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi ga ƙunshin hannu da ƙafa, da zunguru, da ranar sa amarya a lalle. Amma akwai wani aikin da wannan ganye ya daɗe yana yi wanda masu nazarin al'ada ba su cika kula da shi ba, watau rina gashi. Dattijon da ake gani da jan gemu a sahun gaba na masallaci shaida ne. Malamai sukan kafa hujja da abin da ya zo a Sahihu Muslim game da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka kawo wa Annabi (SAW) ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, kansa da gemunsa fari fat, aka yi umurni a sauya launin furfurar amma a nisanci baƙi. An kuma ruwaito cewa shi kansa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da katam.

Itacen lalle shi ne masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, sunan da Linnaeus ya raɗa masa a 1753. A cikin ganyensa akwai wani sinadari ɗan kaɗan mai suna losun, wanda ɗabi'arsa ita ce kama keratin, watau abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi. Idan ya kama, ya kama ke nan. Sabulu ba ya fitar da shi. Launi ɗaya tak kuwa yake bayarwa, ja mai ratsin ruwan goro, kuma ba ya kore launin gashi na asali, sai dai ya hau kansa. Saboda haka a kan baƙin gashi da ƙyar ake lura da shi, sai in rana ta haska, alhali furfura takan ɗauke shi sarai. Mai furfura jefi-jefi zai ga siraran jajayen zare cikin baƙi, wanda kansa ya yi fari duka kuwa zai tashi da ja zur.

Haɗin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Akan shanya ganyen a inuwa, a daka a turmi, a tankaɗe sosai, domin garin da bai yi laushi ba yakan maƙale cikin gashi. Sa'an nan a kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a ɗan ɗiga lemon tsami ko ruwan tsamiya, har kaurinsa ya kai na fura mai kauri. A rufe a ajiye na wasu awoyi. Alamar ya nuna ita ce samansa ya yi duhu. Tsamin yana taimaka wa losun ya fito daga ganyen ya zauna a shirye, amma in ya yi yawa sai ya busar da gashi, gashin Bahaushe kuwa da ma mai saurin bushewa ne. Mace takan tsefe kitso, ta wanke kai ta raba shi da maiƙo, domin man shanu ko man kitso yana hana rini shiga. Sai a riƙa tsaga gashin ana cusa kwaɓin tun daga tushe, a shafa mai a goshi da kunnuwa don kada su rinu, a ɗaure kai da leda. Bayan awa 2 zuwa 4 a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bi da man kaɗanya. Launin farko yakan firgita mai shi, amma cikin kwana 2 ko 3 iska takan sa ya nuna ya yi duhu. Tun da gashi ba ya wuce kimanin santimita 1 a wata wajen tsiro, kuskure a nan mai daɗewa ne. Mai hankali yakan fara gwadawa da gashin da mataji ya ciro.

Wanda ke son duhu yana da hanya a gida: baba, ganyen da marina ke aiki da shi, wanda matan Hausawa suka daɗe suna shafa shuninsa a kitso. A yi lalle tukuna a wanke, sa'an nan a bi da kwaɓin garin baba. Shi baba ba ya son tsami, ba ya kuma jira; da an kwaɓa sai a shafa. Shuɗi a kan ja shi ke ba da baƙi.

A nan ne harshe ya shigo cikin maganar. Kasuwa ta haifar da suna "baƙin lalle", alhali babu itacen lalle mai ba da baƙi. Abin da ake sayarwa da wannan suna, wanda mata kan kira dayis, galibi yana ɗauke da sinadarin masana'anta mai suna farafenilindayamin, da ake taƙaitawa PPD. Shi ke sa rini ya kama cikin mintoci. Shi ne kuma ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa da kumburin fuska, wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa kuwa yakan ci gaba da ƙin sa har tsawon rai. Likitoci a Sudan, inda ake yawan gauraya shi da lalle, sun rubuta rahotanni masu yawa kan gubarsa, musamman ga waɗanda suka haɗiye shi. Kalmar "lalle" ta ari amanar da mutane suka ba ganyen kakanninsu ta miƙa wa abin da bai gaje ta ba. Garin lalle na gaskiya kore ne mai ƙanshin busasshiyar ciyawa, kuma ba ya rini nan take.

Shi ma tsantsar lalle yana da iyaka. Ba a sa wa jarirai da ƙananan yara masu ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, larurar gado da ta yawaita ga maza a Afirka ta Yamma, domin losun yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Babba kuma, kafin ya shafa kowane irin kwaɓi a kansa, ya kamata ya ɗiga kaɗan a bayan kunne ya jira awa 48.