Mai Shan Maganin Ƙanjamau Da Kantin Kemis

A binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 an ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Nijeriya. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a 2019, galibin masu karɓar magani ƙwaya ɗaya tak suke sha a yini, wadda aka haɗa shi a ciki da tenofovir da lamivudine. To, amma mai wannan ciwo yana yin sauran ciwace-ciwace kamar kowa, kuma a nan 'yan'uwanmu mazauna Kurmi ke shiga haɗari ba su sani ba.

Ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko ɗan ga-ruwa a Agege, in ya tashi aiki jiki na tsami sai ya zarce kemis a ba shi diclofenac ko ibuprofen. Ba zai ce yana shan wani magani ba, don gudun kada labari ya riga shi isa gida. Alhali kuwa tenofovir ta ƙoda yake fita, waɗannan ƙwayoyi kuma in aka dinga shansu kullum ƙodar suke wahalarwa.

Farin maganin ruwan nan na gyambon ciki ya fi yin ɓarna a ɓoye, domin yakan riƙe dolutegravir a hanji ya hana shi shiga jini. Mutum na sha kullum bai taɓa fashi ba, ƙwayar cuta kuwa na samun sarari. Ƙa'ida ita ce a sha dolutegravir awa 2 kafin maganin gyambon, ko awa 6 bayansa. Haka nan maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, sai dai shi ana iya haɗa su in da abinci za a sha.

Mai tarin fuka da ke shan rifampicin ƙara masa dolutegravir ake yi ya zama sau 2 a yini. Mai ciwon sukari kuwa metformin ɗinsa likita zai duba, ko ya rage.

Ma'aikatan asibitin da ke ba da maganin sun riga sun san sirrin mutum, ba sauran abin ɓoyewa. Ranar karɓa sai a tattara duk abin da ake sha a leda, har da tsimi da jiƙon da aka aiko daga gida, a ajiye a gabansu.