Kwana Ya Ƙaru, Rumbu Bai Ƙaru Ba: Tsufa da Fansho a Badaguishiri

A Badaguishiri da ƙauyukan da ke cin kasuwarta ta ranar Alhamis, hirar tsufa ta sauya salo. A da in dattawa suka zauna gindin bedi bayan la'asar, lissafin da suke yi shi ne wa ya rage cikin sa'o'insu. Yanzu lissafin ya koma wa ke ci da wa. Wane ɗansa na Abijan ya turo masa. Wane tsohon mushen lakwal ne, kuɗinsa na shigowa ko damina ta yi ko ba ta yi ba. Wance ta haura saba'in, amma har gobe ƙuli-ƙulinta ne cefanen gidan. Sai ka ji saurayi ya ce, "Baba, ai lokacin hutunku ya yi," dattijo ya amsa masa, "Ɗana, hutu na mai fansho ne." Tsawon rai, fansho da sana'ar cikin gida, a garin nan zance ɗaya ne, kuma tushensa shi ne mutane sun fara daɗewa a duniya fiye da abin da aka tanada domin riƙe su.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, jaririn da aka haifa ba a sa masa ran kaiwa shekara 40. Yau lissafin ya haura 60. Kada wannan ya ruɗe mu, a ɗauka kowane tsoho an ƙara masa shekara ashirin. Mafi yawan ƙarin daga yara ya fito. Binciken lafiyar iyali na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 guda 318 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A na 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Rigakafin ƙyanda, gidan sauro, ɗakunan shan magani na karkara, da jinyar yara ƙanana kyauta da aka fara a 2006, su suka yi wannan aiki. Amma yaron da ya tsira shi ne dattijon gobe. Waɗanda suka wuce shekara 65 ba su kai uku cikin ɗari na 'yan ƙasa ba, shi ya sa idon hukuma da na masu ba da agaji ke kan yara, tunda kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Sai dai ko biyu cikin ɗari na mutum miliyan 25 rabin miliyan ke nan, kuma mafi yawansu a karkara suke.

Mutumin wannan yanki na Adar bai taɓa rasa tanadin tsufa ba. Nasa ƙafa uku gare shi: gona, garke da 'ya'ya. Mai gida na riƙe da gandu, 'ya'ya maza na noma masa, kowa na da 'yar gayaunarsa a gefe, makullin rumbu kuma na hannun tsoho har ranar da ya koma ga Allah. Wannan makulli shi ne ƙarfinsa. Abin da ya faru shi ne ƙasa ba ta haihuwa, mutane na haihuwa. A ƙidayar 2012 ƙaramar hukumar Badaguishiri kaɗai ta haura mutum 100,000, a lokacin da macen Nijar ke haihuwar 'ya'ya sama da bakwai a matsakaici. Gonar da ta ci da gida ɗaya a zamanin shugaba Diori Hamani an raba ta gado sau biyu ko sau uku. Garke kuwa farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya shi a gidaje da yawa, abin da ya rage wa talaka shi ne rago ɗaya ko biyu a turke.

Ba zama mutanen yankin suka yi suna kallo ba. A 1989 wasu manoma daga ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo, a zuba taki, ramin ya tare ruwan sama. Suka dawo suka inganta tasu tassa, sai ga dutse da faƙon da aka yafe suna ba da hatsi da dawa. Abin alfahari ne, kuma ya ciyar da dubban gidaje. Amma ya zo da wani abu: faƙo ya yi kuɗi, aka shiga saye da sayar da shi. Haƙar tassa aikin mai ƙarfi ne, ko mai kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago. Tsohon da 'ya'yansa suka tafi, rashin lafiya ta kama shi, shi ne ke sayarwa, mai hali ya saya. Wanda ya sayar da gona don jinya ya warke, amma ya cinye fanshonsa a wata guda.

Ƙafa ta uku, wato 'ya'ya, ita ta fi ɗaukar nauyi yanzu, sai dai daga nesa take ɗaukarsa. Duk Nijar an san jihar Tawa da tafiya biɗa. Da an gama girbi motoci ke cika da samari, wasu Abijan, wasu Legas da Sakkwato, wasu Libiya da Aljeriya. A da sai wani ɗan gari zai dawo ake ba shi saƙo a ƙulle. Yanzu yaro ya shiga kantin tura kuɗi na NITA ko Al Izza ko Amana da safe, kafin azahar an kira tsoho a salula ya je ya karɓa. Wannan sauƙi ne na gaske, ya raba gidaje da yawa da kwana da yunwa a watannin bakwai da takwas, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Amma kuɗin da ke zuwa daga wata ƙasa yana zuwa da rigimar ƙasar. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban 'yan Tawa hannu rabbana. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, Birnin Ƙonni da ke rayuwa da iyakar ta ji a jikinta. Faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ta sa abin da yaro ke turowa daga Legas ya koma kusan rabi in an canza shi zuwa sefa, alhali gumin da ya zubar bai ragu ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ɗan biɗar shi ma tsufa yake yi. Ya shekara talatin yana tura baro ko sayar da shayi a ƙasar mutane, ya dawo gida da ciwon baya, babu takarda ko ɗaya da ke shaida ya taɓa aiki.

Fansho na takarda kuwa, farkon ganinsa a ƙauyukan Adar a hannun 'yan mazan jiya ne, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi, kuma su ma an daskarar da nasu tun daf da mulkin kai, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, bayan mafi yawansu sun rasu. Yau akwai asusu biyu. CNSS, da aka kafa a 1965, ta ma'aikatan kamfanoni ce, ana yankar wani kaso daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara nasa, a fara biya in mutum ya kai shekara 60. CARENI, da dokar 2012 ta kafa, ta ma'aikatan gwamnati ce. To a tsakanin Ƙonni, Malbaza da Illela, su wa ke ciki? Malaman lakwal, ma'aikatan lafiya, jandarmomi, 'yan kamfanin wuta na NIGELEC, ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza da ke aiki tun shekarun 1960. In ka tsaya a kasuwar dabbobi ta Badaguishiri ka dubi dillalai, mahauta, masu amalanke, masu awon hatsi da mata masu fura, da wuya ka nuna ɗaya da ke da lamba a ɗayan asusun biyu. Ko cikin malamai, tun ƙarshen shekarun 1990 mafi yawan waɗanda ake ɗauka 'yan kwantaragi ne, kuma wanda ya daɗe kan ƙaramin albashi ba ya tsammanin babban fansho. Mafi ƙarancin albashi kansa ya zauna a jaka 30 da 'yan kai tun 2012, sai a 2024 ya koma jaka 42.

Shi ma mai fanshon da ake sha'awa, ba shi kaɗai ke cin kuɗinsa ba. An tsara fansho ne a Turai domin tsoho da matarsa. A nan mai ritaya na da ƙananan yara a lakwal, da jikokin da ubansu ya tafi biɗa, da ƙanwar da mijinta ya rasu. A 2023 muna jin labari a rediyo Faransawa sun cika tituna saboda an ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Su suna faɗan yaushe za a daina aiki ne. A nan ko mai fansho bai daina ba, wurin aikin kawai ya sauya, daga ofis zuwa zaure.

Annobar korona ce ta koya wa ma'aikatan manyan birane a 2020 cewa ana iya aiki daga gida. Matan Hausa sun riga su da ƙarnoni. Shiga kowane gida a Badaguishiri da hantsi ka gani. Tsohuwa na zaune kan kujera 'yar tsugune, an kawo gyaɗa daga injin niƙa, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya har mai ya taso, ta kwashe shi a kwalba, ta mulmula tunkuzar ta soya. Ba ta taka ƙofar gida ba, amma kafin magariba jikarta ta dawo daga talla da kuɗin gishiri, sabulu da zubin adashi. A bayan ɗaki ga rago a turke yana cin dusa da harawa, ana jiran babbar salla. Wannan rago shi ne asusun ajiyarta.

Abin da ya ƙaru a shekarun nan shi ne salula. Tsohon dillalin albasa da gwiwa ta hana shi hawa mota zuwa Galmi ko Tsernawa yana kishingiɗe a zaure, waya biyu a gabansa. Ɗansa a Abijan ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp ya faɗi farashin buhu, shi kuma ya kira manomin da ya san yana da albasa ajiye a rudu, wato ma'ajiyar albasa, tun watan huɗu, a yi ciniki, a haɗa da mai mota, la'adarsa ta shigo ta waya. Jarinsa amana ce da sanin mutane na shekara arba'in, kuma wannan jari ba ya tsufa da sauri kamar ƙafa. Tsohon mushe ma haka, yana rubuta wa mutane takardun neman aiki, yana koya wa yaran da za su zana jarrabawa da yamma. A ganina wannan ita ce riba mafi girma da wayar hannu ta kawo wa dattawan yankin: ta ƙara musu shekarun amfani, ta bar su da bakin magana a gidajensu, domin tsohon da ke kawo wani abu ba a yanke shawara a bayansa.

Amma kada mu yabi abin fiye da ƙima. Da farko yana rataye ne ga wuta da layin waya. Akwai tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018, duk da haka lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023 kowa ya ga iyakar abin, ƙauyuka da yawa kuma har yau wurin mai farantin hasken rana ake kai salula caji. Sannan sana'ar tsohuwa a cikin gida ƙafar yarinya take ara. Kowane faranti na talla da ya fita da safe, sau da yawa kujera ce ta zauna babu kowa a aji. Ke nan kaka na cin tsufanta da karatun jikarta, ba don mugunta ba, don babu wata hanya. Mafi tsanani kuwa, aikin gida yana ƙarewa ne daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ran da yanar ido ta rufe, ko hawan jini ya shanye rabin jiki, ko ciwon suga ya kwantar da mutum, ran nan samu ke tsayawa, ran nan kuma kashewa ke farawa: kuɗin mota zuwa asibitin Galmi ko na Tawa, kuɗin magani na kowane wata har ƙarshen rai. Gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi a 2024, kuma an ji sauƙin, amma ƙwayar hawan jini a kantin magani ake sayenta. Nauyin jinyar kuma kan mata yake faɗawa, suruka ko 'ya, wadda ita ma dole ta ajiye tata sana'ar.

Ina ganin kuskure ne a jira ranar da kowa zai samu aikin albashi kafin a yi zancen fansho ga mutanen karkara. Ranar ba ta kusa. Abin da ke kusa shi ne al'adar zubi da mutane suka riga suka iya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna macen da ba ta taɓa shiga banki ba tana iya zuba dala ashirin duk mako, shekara da shekaru, ba ta saɓa ba, har wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwayi tsarin. Gajartarsa ita ce ana fasa asusun a raba duk shekara, ba ya kaiwa tsufa. Ruwanda ta buɗe asusun Ejo Heza a 2018 domin manoma da masu sana'ar hannu su riƙa zubawa ta waya, gwamnati na ƙara wa marasa ƙarfi. Najeriya ta ƙaddamar da nata ƙaramin fansho a 2019, amma bai karɓu sosai ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: talaka ba ya miƙa kuɗinsa na shekara talatin ga wanda bai yarda da shi ba, balle yana ganin tsofaffin ma'aikata na bin layi kan haƙƙinsu.

In za a yi irinsa a Adar, sai ya bi kalandar mutane. Manomin albasa ba shi da kuɗi duk wata, yana da su in ya fasa rudu. Mai kiwo yana da su a makon salla. Ɗan biɗa yana da su ranar da ya tsaya gaban kantin tura kuɗi, kuma a nan ne za a iya ce masa, cikin jaka ashirin da zai tura wa tsoho, ya ware jaka guda da sunansa. Dole kuma a bar ƙofar cire wani kaso in jinya ta taso, in ba haka ba mutum zai gwammace ya sayi akuya. Kafin duk wannan akwai aikin da ke hannun magajin gari da hakimai: dattawa da yawa a yankin, musamman mata, ba su da takardar haihuwa, waɗanda ke da ita ma shekarun kintace aka rubuta musu. Babu asusun da zai biya mutum a shekara 60 alhali ba a san shekarar da aka haife shi ba.