Ko ka san tana na tace ruwan wanke-wanke?

Akwai ƙauyuka da makarantu a ƙasar Chile da tana ce ke tace musu ruwan ƙazanta. Tanar nan dai da yara ke tonowa a bakin kwata su soka a ƙugiya su tafi kamun kifi. A farkon shekarun 1990 wani masanin kimiyya na Jami'ar Chile, Dakta José Tohá, ya haɗa wata matata mai sauƙin gaske: tsakuwa a ƙasa, garin katako a samanta, sai dubban tana a cikin garin katakon. A yayyafa ruwan datti daga sama, ya tsiyaya a hankali, ya fito ta ƙasa ya washe, babu wari, a kai shi gona. Har yau da sunan mutumin ake kiran wannan tsari a can.

Abin da ya fi burge ni shi ne matatar nan ba ta cika toshewa ba muddin tanar na da rai. Duk wanda ya taɓa cika duro da yashi don tace ruwan gida ya san inda gizo ke saƙa. Da farko ruwa ya wuce salin-alin. Daga nan maiƙo da kumfa da guntun tuwo su haɗu su yi wata yauƙi a saman yashin, ruwa ya tsaya cik, wari ya tashi, sauro ya samu gida. Mai tatar gasara ta san wannan: in ba ta riƙa juya hannu a cikin ƙyallen ba, dusa za ta liƙe, ko ɗigo ba zai sauka ba. To, tana ita ce hannun nan, kuma dare da rana take juyawa. Takan cinye yauƙin da ke liƙe ƙofofin, ta yi ta huda ramuka sama da ƙasa, iska ta bi ramukan ta shiga. Iskar kuwa ita bakteriya masu narkar da datti ke buƙata, domin su ne ainihin ma'aikatan. Inda iska ta yanke, wasu irin bakteriyar ne ke karɓar aiki, kuma su ke kawo ɗoyin kwata.

Manyan matatun birane sukan tara dagwalon laka wadda sai an kwashe da mota. A nan kuwa abin da ke taruwa kashin tana ne, baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasar damina, takin da masu lambu ke saye da kuɗinsu. Idan yanayi ya yi mata daɗi, tana ɗaya kan ci kusan rabin nauyin jikinta a rana, alhali ko haƙori ba ta da shi, da ƙundu take niƙa. Ba ta da ido, ba ta da huhu, ta fata take numfashi, shi ya sa dole jikinta ya zauna da danshi. Kowace ɗaya na ɗauke da halittar namiji da ta mace, don haka duk biyun da suka haɗu kowacce za ta yi ƙwai. In abinci ya yi yawa su ƙaru, in ya ragu su rage haihuwa. Wane inji ne ke daidaita yawan ma'aikatansa da kansa?

Abin bai tsaya a Chile ba. A jihar Washington ta Amurka akwai gonar shanun madara mai suna Royal Dairy, mai dubban shanu, wadda ke bi da ruwan wankin garkenta ta cikin manyan kwamin tana, kuma kamfanin BioFiltro da ya gina su ya ce cikin awa huɗu ruwan ke ratsawa ya fito. Ƙungiyar Oxfam ma ta gina masai masu tana a unguwannin Monrobiya ta Laberiya.

Tun kafin wannan duka, tana ta ɗauke hankalin masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, har ya shafe kusan shekara 40 yana bibiyarta. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, a kanta yake kacokan. Ya yi mata ihu, an busa mata usur, ko gezau, domin ba ta da kunne. Amma da ya ɗora tukunyarta a kan fiyano aka taɓa, sai ta shige rami nan take, saboda girgiza ta ji. A littafin ya kawo lissafin tana 53,767 a eka ɗaya ta lambu. Tanar da aka fi sani da tsawo kuwa a Afirka ta Kudu aka tsince ta a kan hanya a 1967: mita 6.7!

Ba kowace tana ke wannan aiki ba. Mai nutsewa can cikin ƙasa ba ta zama a duro. Wadda ake so ita ce mai rayuwa a sama-sama, cikin ruɓaɓɓen ganye da tsohon taki. A ƙasashen sanyi ja mai zane-zane ake amfani da ita, amma akwai wata babba mai sheƙin shuɗi-shuɗi, masana na kiranta Eudrilus eugeniae, wadda asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce, kuma daga nan aka yaɗa ta zuwa Indiya da Amurka ana kiwonta. Ta fi jure ɗumi, don haka ita ta dace da mu.

Mai son gwadawa a gida, duron roba ya ishe shi. A huda gindinsa a sa famfo, a zuba tsakuwa, a bi da yashi mai kaushi, a shimfiɗa garin katako mai kauri haɗe da tsohon taki, a saki tanar, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A ajiye shi a inuwar bishiya, domin zafin Afrilu a fili zai kashe su, haka ma bushewar hunturu. A riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan ta cikin gwangwani mai huji, a bar famfon a buɗe, kada ruwa ya kwanta musu. Ruwan alwala, na wanka, na wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka duk sun yi. Ruwan zafi, ruwan gishiri ko kanwa, ruwan bilic da na omo mai kauri kuwa guba ne gare su. Ruwan masai da na wankin kashin yara kada su kusanci duron.

Abin da ya fito ba na sha ba ne, domin tana ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta. A zuba shi a ranar, a gindin zogale, gwanda, ayaba, lemo ko kuɓewa, ban da latas da duk ganyen da ake ci ɗanye. Gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya riga ya biya kuɗin kowace jarka, kuma mafi yawanta ta rariya take ficewa ta zama kwata a ƙofar gida. Da duro ɗaya da tafin hannu biyu na tana, ruwan nan zai yi aiki sau biyu, kuma ko a tsakiyar rani ba za a rasa ganyen miya a gidan ba.