Adon zauren shawara: abin da magina na Adar ke iya yi

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na ran 24 ga Yuli 2004, birnin Tawa da garuruwa irin su Barmu suka samu majalisun kansaloli. An rusa majalisun a watan Afrilu 2024, amma zaurukan suna nan, kuma tambaya ɗaya ba ta gushe ba: wane ado ya dace da ɗakin da ake yanke shawarar jama'a, kuma wa za a ba aikin?

Tambayar tsohuwa ce. A shekarar 1338, majalisar mutum tara da ke mulkin birnin Siyena na ƙasar Italiya ta ɗauki mai zane Ambrogio Lorenzetti, ya ƙawata ɗakin zamanta. A bango guda ya zana garin da ake mulki da gaskiya: kasuwa na ci, magina na aiki, manoma na cikin gonakinsu. A ɗaya bangon kuwa ga azzalumin sarki mai ƙaho, an ɗaure adalci a ƙarƙashinsa, gari ya zama kango. Ashe ba don kwalliya kaɗai aka biya kuɗin ba. So aka yi mai mulki, duk sa'ad da ya ɗaga kai, ya ga sakamakon shawararsa.

A ƙasar Adar, inda malamai da yawa ke ƙyamar sassaƙa siffar ɗan Adam, ba a kwafo wannan hanya yadda take. Sai dai yankin yana da tasa. A 1962 dattawan Yama, cikin jihar Tawa, suka ɗora wa wani magini ɗan garin, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'a. Jama'a suka yi gayya: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975 ya sāke rufin da bakan gizo da tulluwa. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu, kowace da nata fasali, tamkar an sassaƙa su da laka. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, wadda aka ba da a birnin Marakesh na Maroko.

Wannan gado bai mutu ba. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun maida tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018 tare da magina na gargajiya.

Darasin a fili yake. Hukumar da ke son ƙawata zaurenta ba sai ta yi odar kaya daga waje ba. Zanen bango na dagi, da aikin dukawa, da na maƙera da masaƙa, duk suna kusa. Abin da ya rage shi ne a bayyana kuɗin aikin, a buɗe gasa ga kowa, a rubuta yarjejeniya, a kuma ware abin gyara, tunda adon laka yana bukatar yaɓe bayan damina. In an yi haka, kuɗin harajin talaka ya koma hannun mai sana'ar garinsu, shi kuma talakan da ya shiga zauren ya san nasa ne.